Fitsarin Aro

Tanko da Mu'azu ciki ɗaya suka fito, 'yan wani ƙauye ne a ƙasar Rano. Tanko ne babba, kuma shi ya fara shigowa Kano. Ya yi shekara tara yana jan kiya-kiyar wani Alhaji tsakanin Kano da Zariya, ya auri Lami ta haifa masa 'ya mai suna Husaina, ya gina ɗaki biyu na ƙasa a Gyaɗi-Gyaɗi tun unguwar tana rabi gidaje rabi gonakin gero. Da ya ga ƙafarsa ta tsaya, sai ya aika gida aka turo masa ƙanensa. Mu'azu ya koyi kafinta a Tarauni har ya kai ga buɗe rumfarsa, ya kama ɗaki a can. Amma tuwon dare a gidan wansa yake ci kullum, ko da ana ruwa.

A shekarar 1974, bayan ƙaramar salla, wani kamfanin masu aikin hanya ya yi shelar neman direbobin tifa. Aikin albashi ne, ga hutun Lahadi, ga mota sabuwa fil. Tanko ya je. Baturen kamfanin ya jera ganguna biyu ya ce a shigar da tifa tsakaninsu da baya. Mutum goma sha ɗaya suka gwada, Tanko kaɗai ne bai taɓa ganga ba. Aka ce an ɗauke shi, saura ya kawo takardar likita mai shaidar lafiyarsa ƙalau. Aka ba shi mako guda.

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Tanko da na wani mutumin kudu mai suna Matiyas. Haifaffen Sabon Gari ne, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya koma garinsu lokacin rikici, bayan yaƙi ya dawo da matarsa Virginia. Aikinsa awon jini da fitsari a wani ƙaramin asibiti da ke hanyar Tarauni. 'Yan unguwa Dakta suke ce masa, shi kuwa kullum sai ya ce, "Ni ba likita ba ne, mai awo ne." Wurinsa Tanko ya nufa ranar Litinin da safe, Mu'azu ya raka shi don hanyarsu ɗaya ce.

Matiyas ya ba Tanko 'yar kwalba ya nuna masa bayan gida. Da ya kawo, sai ya tsiyaya fitsarin a wata siririyar kwalba, ya kara samanta a harshen fitila. Suna ta hirar sabon aiki, Tanko yana kwatanta yadda Bature ya riƙe baki. Can sai Matiyas ya daina dariya. Saman fitsarin ya yi fari ya ɗaure, kamar farin ƙwai ya faɗa ruwan zafi. Ya ɗiga masa wani ruwa mai warin tsami, ya girgiza. Farin bai baje ba.

"Malam Tanko, ka yi zazzaɓi kwanan nan?"

"Ni? Rabona da kwanciya tun shekarar da aka koma tuƙi ta dama."

"Fitsarinka yana kumfa?"

"Wane fitsari ne ba ya kumfa, Dakta?"

Matiyas ya ɗaga kwalbar saitin taga don su gani su duka. Ya ce, "Ka san kwandon da ake tsane gero in an wanke? Ruwan dauɗa ya zube, tsaba ta tsaya. To, haka ƙoda take wa jini. In kwando ya fara hujewa, tsaba sai ta riƙa bin ruwa. Wannan farin da kake gani tsabar jininka ce, albumin muke ce mata. Bai kamata ta fito ba."

Tanko ya dubi ƙanensa, ya dubi kwalbar. Ya bugi ƙirji ya ce ko yanzu a kawo buhun gyaɗa ya ɗaga da hannu ɗaya.

"Na yarda," in ji Matiyas. "Ƙoda ba ta kuka da wuri, shi ne sharrinta. Amma kada mu yanke hukunci da awo ɗaya. Wahala ma takan jawo haka, ko zafin jiki. Ka huta, ka dawo jibi da fitsarin farko na safe."

Tanko bai huta ba. Tasha ya wuce, ya ba wani tsohon direba labari, shi kuwa ya ce ai wannan mai sauƙi ne, ruwa zai sha har cikinsa ya yi ƙarar tulu. Ranar Laraba tun da ya idar da sallar asuba yake ɗura ruwa, ya zubar da na farko da na biyu, ya kawo na uku, fari tas kamar ruwan randa. Da Matiyas ya kara shi a wuta, ɗan hazo kaɗan ya tashi. Tanko ya yi murmushi ya miƙa hannu a ba shi takarda.

Matiyas ya ce su jira a benci. Sun fi awa guda kafin ya kira su.

"Ruwa ka sha," ya ce. Ba tambaya ba ce.

Tanko ya sosa ƙeya.

"Ba laifi, kowa yana yi. Amma akwai wata dauɗa da naman jikin mutum yake fitarwa, kiriyatinin. Ita kusan mudu ɗaya take fita kullum, ko ka sha ruwa ko ba ka sha ba. Likitanmu ya koya mini in riƙa auna su biyun, in gwada wannan da wancan. In tsamiya ta yi wa kunu yawa, ka ƙara ruwa, kunu ya tsinke, tsamiya ma ta tsinke, amma har yanzu ta fi ƙarfin gasarar. Ruwan da ka sha ya tsinka su duka. Da na ɗora albumin ɗin a kan kiriyatinin, sai na ga ya yi yawa ƙwarai. Sai ka ga likita."

Likitan wani dattijo ne ɗan Indiya, mai magana a hankali. Ya ɗaura wa Tanko abin awo a dantse, ya hura, ya saurara, ya sake hurawa. Matiyas yana fassarawa. Ya ce jininsa ya hau, kuma hawan jinin da yoyon ƙodar suna ciyar da juna. Ba a ɗinke ƙoda, amma ana iya rage mata gudu, mutum ya daɗe yana harkarsa. Zai sha ƙwaya kullum, ya rage gishiri da kanwa, ya rabu da ƙwayoyin ciwon jikin nan da direbobi suke watsawa da shayi, ya riƙa zuwa awo duk wata. Takarda kuwa, ba zai sa hannu ba sai jinin ya sauka. Wataƙila nan da wata uku.

"Wata uku!" in ji Tanko da suka fito. "Litinin za a rufe. Dakta, kai ne mai rubuta awon nan. Katangarmu ɗaya."

"Shi ya sa ba zan rubuta ba," Matiyas ya ce. "In na yi maka ƙarya, takarda na gyara, ba ƙodarka ba."

Tanko ya kaɗa rigarsa ya tafi ko sallama babu.

Washegari da hantsi Mu'azu yana goge wani ƙyaure a rumfarsa sai ga wansa. Bai taɓa zuwa rumfar a irin wannan lokaci ba. Ya zauna a kan guntun katako, sannan ya zaro wata kwalbar maganin tari da aka wanke, ya ajiye a kan teburin aiki.

"Akwai wani asibiti a cikin gari da kamfani yake karɓar takardarsu. Mutane sun yi yawa, ba mai bin ka bayan gida."

Mu'azu ya gane. Ya ajiye abin gugar.

"Yaya, ai mun ga abin nan da idonmu."

"Me muka gani? Hazo a kwalba. Dube ni, Mu'azu. Na yi kama da marar lafiya? Shekara tara ina jan motar da birkinta addu'a ce. Ran nan a Kwanar Dangora saura ƙiris a kawo muku gawata. Wannan ba ciwo ba ne? Husaina ta isa shiga makaranta, ɗakinmu yana yoyo, Lami ga ciki. In na sami aikin nan, ƙwayar ma sai in saya in sha a tsanake."

"Za ka sha?"

"Zan sha mana." Ya matso da kwalbar. "Tun da na ɗauko ka daga gida na taɓa roƙonka wani abu?"

Bai taɓa ba. Shi ya saya masa zarto na farko, shi ya kai shi wurin mai gidan da ya koya masa sana'a, shi ya yi jinyarsa lokacin da ƙusa ta huda masa ƙafa. Mu'azu ya ɗauki kwalbar ya zagaya bayan rumfa.

A can asibitin, mai dubawa ya leƙa idon Tanko, ya ce ya buɗe baki, ya sa shi ya karanta harufan da ke bango. Fitsari ya fito lafiya lau. Aka buga hatimi. Da ya koma gida ya gaya wa Lami cewa manyan likitocin cikin gari sun duba shi ba su ga komai ba, kayan awon Matiyas ne suka tsufa. Lami ta yi hamdala. Daga ranar ta rage shiga gidan Virginia.

Matiyas ya ga Tanko cikin kakin kamfani, bai tambayi yadda aka yi ba. Sai dai wata ranar Lahadi ya tare shi a ƙofar gida da ƙullin takarda a hannu.

"Takarda ta wuce, na taya ka murna. Amma ga ƙwayar. Ita ƙoda ba ta san an buga hatimi ba."

Tanko ya karɓa, kunya ta kama shi. Ya ɓoye ƙullin a motarsa, ya sha na wata biyu. Sai aikin hanya ya yi nisa, ya koma wajen Birnin Kudu, daga nan ya zarce gaba. Sai ya yi mako uku bai kwana a gida ba. Ƙwaya ta ƙare bai nemi wata ba. Abincinsa na bakin hanya ne, tsire da yaji, taliya da manja. In kai ya sara, ya watsa ƙwayar ciwon jiki biyu ya kora da shayi ya hau mota.

Shekarun da suka biyo baya masu daɗi ne, ba mai musun wannan. Lami ta haifi namiji aka sa masa Lawan. Husaina ta shiga firamare. Aka sayo kwanon rufi, Mu'azu da hannunsa ya cire azarar ɗakunan ya buga sabon rufi, ranar da aka gama Tanko ya yanka zakara biyu. Lami ta sami keken ɗinki. Tanko ya tsaya wa ƙanensa ya yi aure, shi ya yi uwa ya yi makarɓiya. Wani lokaci Mu'azu yakan tambaye shi batun ƙwaya, ya ce yana sha. Daga baya ya daina tambaya, don amsar tana kwantar masa da hankali kuma ba ya son ya ji wata.

A shekara ta uku fuskar Tanko ta fara cika, musamman da safe. Takalmin kamfani ya matse shi, aka canza masa babba. 'Yan unguwa suka ce hutu ya karɓe shi, har ana tsokanarsa da Alhaji. Lami ta lura in ya zagaya bayan gida kumfa takan daɗe ba ta kwanta ba, kamar an zubar da ruwan wanki, amma ba ta san abin da hakan yake nufi ba, kuma ba maganar da mace za ta ɗauko wa mijinta ba ce. Matiyas ya hango shi wata rana yana alwala a waje, ya ga ƙafafun. Ya yi masa magana. Tanko ya ce zaman mota ne, in an sami hutu zai leƙo.

Da daminar 1978, wata ranar Talata da azahar, Tanko yana tafe da lodin tsakuwa sai hanya ta rabe masa biyu, sannan ta yi duhu. Allah ya taimake shi ya gangara gefe ya kashe mota. A nan abokan aiki suka same shi ya kifa kai a sitiyari, ya yi amai a jikinsa. Suka kawo shi Gyaɗi-Gyaɗi a bayan a-kori-kura.

Mu'azu ne ya ruga wurin Matiyas. Wannan karon da ƙyar aka sami fitsarin da ya rufe gindin kwalba, kuma da aka kara a wuta gaba ɗaya ya daskare. Matiyas ya ɗebi jini. Washegari ya kira Mu'azu gefe, a bakin famfon asibitin.

"Ka tuna dauɗar nan da na ce ƙoda tana fitarwa kullum? To, ta daina fita. Ta taru a jininsa, ta ninka yadda ya kamata fiye da sau goma. A da kwandon yoyo yake yi. Yanzu ya toshe."

"Sai a yi yaya?"

"Likita ya ce akwai injin da yake wanke jini a ƙasashen waje. Mu ba mu da shi."

"To, sai a yi yaya, Dakta?"

Matiyas ya buɗe famfo ya wanke hannunsa da ba abin da ya taɓa, ya rufe. 

Aka kwantar da Tanko a babban asibiti mako biyu. Aka rage masa kumburi, ganinsa ya ɗan dawo. Daga nan likitoci suka ce a kai shi gida ya fi masa. Innarsu ta zo daga ƙauye da saiwoyi a ƙulle a bakin zane. Matiyas ya roƙa kada a ba shi, ya ce ƙodar ba za ta iya ɗauka ba. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce wane ne wannan. Aka jiƙa aka ba shi, ya amayar, ba a sake ba.

Abin da ya fi azabtar da shi ƙaiƙayi ne da shaƙuwa. Fatarsa ta bushe ta yi toka-toka. Mu'azu ya rufe rumfa, kullum da hantsi ya zo ya fito da shi inuwar darbejiyar tsakar gida, ya zauna a bayansa yana sosa masa da totuwar masara. Ƙishirwa tana cinsa, amma likita ya ƙayyade ruwan da zai sha. Lami takan jiƙa tsumma mai tsabta ta goga masa a leɓe.

Wata rana Lami ta tafi kai niƙa, Inna tana barcin rana. Mu'azu yana sosa masa baya, sai hawaye ya ɗiga a kafaɗar Tanko.

"Ruwa aka fara?" in ji Tanko.

"Yaya, da na ƙi ranar nan…"

"Da ka ƙi, da na yi fushi da kai shekara guda, in je tasha in sami na wani." Shaƙuwa ta katse shi, ya jira ta lafa. "Kada ka ɗauki kayan da ba naka ba. Ni abin da yake cina daban ne. Mutumin nan ya ɗaga kwalba ya nuna mini da idona. Ba labari aka ba ni ba. Na gani, na kau da kai. Sosa can ƙasa."

Mu'azu ya sosa.

"Lami ba ta sani ba. Ka bar ta haka, kada ta raina ni a kabari. Kira mini Dakta in ya dawo aiki."

Da la'asar Matiyas ya shigo, ya tsuguna a gefen tabarma. Tanko ya kama hannunsa da nasa mai kumburi.

"Na yi maka rashin kunya a bakin asibiti, kai kuwa gaskiya ka gaya mini. Ka yafe ni."

"Ba ka yi mini komai ba, Malam Tanko. Ni ma da na san yadda zan faɗa maka ka ji, da na faɗa. Na daɗe ina tunanin ko ban iya bayani ba ne."

"Ka iya. Har kunu ka kawo misali." Ya yi 'yar dariya, ta koma tari.

Bayan kwana shida barci ya fara rinjayarsa, sai a tashe shi ya buɗe ido ya kira Husaina da sunan ƙanwarsu da ta rasu tun suna yara. Ranar Alhamis, ana kiran sallar la'asar, Mu'azu yana riƙe da kansa yana maimaita masa kalmar shahada, ya cika. Shekararsa talatin da takwas. Kafin magariba an kai shi.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, Mu'azu ya sami Matiyas a ƙofar gidansa yana zaune a kan benci.

"Dakta, fitsarin da aka kai asibitin cikin gari nawa ne."

"Na yi zaton haka."

"Ina so ka gaya mini gaskiya, kamar yadda ka gaya masa. Da ban ba shi ba, da yana nan?"

Matiyas ya ce, "Ban sani ba, Mu'azu. Warkewa dai babu, tun ranar farko. Amma na ga masu irin awonsa da suka riƙe ƙwaya suka kiyaye baki, yau shekara takwas suna zuwa wurina da ƙafarsu. Na kuma ga waɗanda suka yi duk abin da aka ce, ba su kai shi daɗewa ba. Wataƙila da ya ga auren Husaina. Wataƙila a'a. In na ce maka ba abin da zai canza, na yi ƙarya. In na ce kai ka kashe shi, na yi ƙaryar da ta fi."

Mu'azu ya so a ce ɗaya daga cikin biyun aka ba shi. Ya tashi ya tafi.

Ya yi niyyar riƙe amanar wansa, kuma ya riƙe har wata huɗu. Amma magana ta fara yawo a unguwa. Mata masu zuwa taya Lami zaman takaba suka ce ai tun farko maƙwabcin nan ne ya yi wa Tanko baki. Mutum lafiyarsa ƙalau, manyan likitoci sun wanke shi, shi kuwa ya nace sai ciwon ƙoda, har ya tabbata. Wa ya san abin da ya yi da fitsarin da aka ba shi? Virginia ta aiko da shinkafa da kaji, Lami ta mayar da kwanon ko buɗewa ba ta yi ba. Yara suka fara jifan ƙyauren Matiyas. Wani dattijo ya ce a masallaci ya kamata a san irin mutanen da ake ba haya a unguwa.

Ranar da Lami ta fita takaba, Mu'azu ya zo da hantsi ya same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ya zauna nesa kaɗan, ya gaya mata duka: farin da ya tashi a kwalba, ruwan da Tanko ya sha, abin da likita ya hana, kwalbar maganin tari, bayan rumfa. Bai rage komai ba, bai kuma ce wansa ya matsa masa ba.

Hannun Lami ya tsaya a cikin faranti.

"Likita ya ce ya bar gishiri?"

"Ya ce ya rage. Da kanwa."

"Tun yaushe?"

"Tun kina da cikin Lawan."

"Shekara huɗu," ta ce a hankali. "Shekara huɗu ina zuba masa da hannuna. In ya dawo daga tafiya har ƙarawa nake, don ya ce miyar hanya salam take. Kai kana zaune a nan, a tabarmar nan, kana ci tare da shi, kana kallona ina zubawa."

Mu'azu bai ɗago ba.

"Ba kwalbar ce ta dame ni ba, Mu'azu. Na san Malam, in ya so abu sai ya samu. Amma da ɗayanku ya buɗe baki ya gaya mini, ni mai tukunya, ko bai sha ƙwaya ba da na san abin da zan yi. Kun mai da ni kamar ba kowa ba a gidan nan."

Ta ajiye farantin, ta shiga ɗaki. Ya ji kukanta, irin wanda ba ta yi ba ko ranar rasuwar. Can ta fito da mayafi, ta wuce shi ba ta dube shi ba, ta fita. Ta katanga ya jiyo sallamarta a gidan Matiyas, ya jiyo muryar Virginia tana cewa, "Shigo, Maman Husaina, shigo." Ranar Juma'a Mu'azu ya tsaya bayan salla a masallacin unguwa ya maimaita labarin a gaban dattawa. Wasu suka yi salati, wasu suka ce Allah ya jiƙan Tanko, ƙaddara ta riga fata. Jifan ƙyaure ya tsaya.

Lami ta yi wata biyu ba ta yi wa Mu'azu magana ba, in ban da amsa gaisuwa. Da rani ya shigo, iyayenta suka aiko ta koma gida Rano da yaran. Aka sa 'yan haya a gidan. Mu'azu ya kwance keken ɗinkin ya yi masa akwati na katako don kada ya bugu a hanya, ya ɗauko kayan a kura har tasha, ya tsaya sai da aka ɗaure su a saman mota. Husaina ta riƙe masa riga tana tambaya yaushe zai zo. Ya ce da salla.

Lami ta shiga ta zauna gefen taga, Lawan a cinyarta. Direba ya tayar da mota. Mu'azu ya matso ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Yaya Lami."

Ta dube shi, karo na farko tun ranar.

"In Lawan ya isa makaranta zan turo maka shi. Nan ubansa ya so ya yi karatu."

"To."

"In wani abu ya same shi, ko ciwon kai ne, ka aiko a gaya mini."

"Zan aiko."

Motar ta ja ta hau titi. Mu'azu ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya mayar wa mai kura kurarsa, ya kama hanyar Tarauni a ƙafa. A bakin rumfa ya tarar da wani mutum yana jiransa tun safe, ya zo karɓar tagogi biyu da aka yi masa alkawari tun kafin damina.